Idan Silon Mota Ya Ƙi Zama

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirin na yau na masu mota ne, da direbobin haya, da makanikai da yaran da ke koyon aiki a hannunsu. Magana ce a kan wata matsala da babu garejin da bai san ta ba, tun daga Kawo har Kurmin Mashi da Oriyafata. Mota na tsaye, ƙafar direba ba ta kan totur, amma inji ya ƙi natsuwa. Allurar da ke nuna juyin inji ta ɗaga ta kai 1,500, ta faɗo 500 kamar motar za ta mutu, ta sake ɗagawa. Mai mota ya isa gareji ya ce, "Oga, silon nan ya ƙi zama."

Duk mai bin titin Ahmadu Bello da yamma, daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya miƙe ta titin Ali Akilu zuwa Kawo, ya sha ganin masu wannan larura. Su ne ke ba da wuta a cikin gosulo alhali babu wurin wucewa, ƙafa ɗaya a birki ɗaya a totur, don kada inji ya mutu a tsakiyar titi. Wani kuma danja na ba da hannu sai motar ta ɗauke, na baya su cika masa kunne da hon. Abin ya wuce jin kunya, ya kai ga haɗari. Idan inji ya mutu mota na cikin tafiya, sitiyari yakan yi tauri nan take, birki ma bayan taku ɗaya ko biyu ya sandare, domin dukansu daga inji suke samun laushinsu.

Aljihu ma yana ji a jikinsa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ƙaramar mota mai lafiya, in tana tsaye inji na aiki, takan sha tsakanin rabin lita da lita ɗaya a awa. Wadda aka ɗaga wa silo ya koma 1,500 don a rufe ciwonta, kusan ninkin haka take sha, kuma ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Kafin a kai ga magani, sai a fahimci yadda silo yake samuwa. Inji da abu uku yake aiki: iska, da fetur, da tartsatsin wuta. Ma'aunin da injin fetur ya fi so shi ne kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Idan direba ya taka totur, wani faifai ne da ke cikin bakin injekta yake buɗewa, iska ta kwarara ciki. Idan ya ɗage ƙafa, faifan ya rufe, sai 'yar iskar da za ta riƙe inji a juyi 600 zuwa 900 a minti. A kan wannan 'yar iska silo ya rataya. Shi ya sa ɗan tsagi a jikin tiyo, wanda ba zai nuna kansa ba idan ana gudun kilomita 100 a hanyar Zariya, yake tona kansa da zarar an tsaya. Mai mota ya yi ta rantsuwa cewa a kan hanya lafiya lau take tafiya, kuma gaskiya ya faɗa.

Kaduna ta daɗe da sanin mota. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, can tsallaken kogi, kuma 504 ta yi zamanin da manyan makanikan garin nan da dama a jikinta suka koyi aiki. Ita 504 ta kafireto ce. Silonta a hannun sukuru biyu yake, ɗaya na ɗaga faifai, ɗaya na daidaita cakuɗar iska da mai, sai 'yar jet ɗin silo da ake kwancewa a hure. Makaniki mai kunne, da sukundireba kaɗai, zai saita ta cikin minti biyar har a ɗora kofin ruwa a kan bonet bai zube ba. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma har yau tana aiki a kan duk motar kafireto, har da Golf ɗin haya da aka cire wa injekta aka mayar kafireto.

Sai dai motocin da suka cika titi yanzu, su Corolla da Camry da Accord da Vibe da 406 da Sharan, kwamfuta ce ke riƙe da silonsu, wadda a gareji ake kira birenbos. Ita ke karɓar labari daga sensa-sensa: iska nawa ta shiga, ruwan inji ya kai zafi nawa, faifai a rufe yake ko a buɗe, hayaƙin da ke fita ta salansa mai ya yi masa yawa ko ya yi kaɗan. Daga nan ta yanke hukunci, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. A motocin da ke da wayar totur, akwai bawul ɗin silo a jikin bakin injekta, wanda ke buɗe wa iska wata 'yar hanya ta gefen faifai. A yawancin 406 da 206, ɗan ƙaramin moto ne mai tsinin kai yake wannan aiki, wanda ake kira sitefa. A sababbin motoci kuwa, irin Corolla 'yar Amurka daga 2005 zuwa sama, babu wayar ma sam, moto ne ke juya faifan da kansa.

Saboda haka hawa da saukar da direba ke gani, kokawa ce kwamfutar ke yi. Inji ya yi ƙasa, ta ƙara masa. Ya wuce gona da iri, ta rage. Wani abu ne yake ba ta labarin ƙarya, ko kuma yake hana umarninta aiki, kuma aikin makaniki shi ne gano wannan abu.

A nan ne sabon hannu daga zamanin kafireto yake jawo ɓarna. A jikin bakin injekta akwai wani ɗan sukuru da faifai ke tokara, galibi da ɗigon fenti a kansa, alamar an saita shi tun daga masana'anta. Wani makanikin da ya ga silo na faɗuwa sai ya murɗa shi, ko ya ɗaure wayar totur ta yi tauri. Motar ta daina mutuwa, mai ita ya biya ya tafi yana murna. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Yanzu sensar da ke lura da faifai ba ta ganinsa a rufe, kwamfuta ta rasa gane ko mota na silo ko ana taka ta, mai ya ƙara zuba, giya a motar otomatik ta riƙa shiga da bugu, asalin ciwon kuma yana nan.

(Gajeren kiɗa)

Ba kowane motsin allura ba ne ciwo. Da asubar hunturu, a watan Disamba ko Janairu, mota mai lafiya takan tashi da juyi 1,200 zuwa 1,500, sannan ta riƙa sauka a hankali yayin da take ɗumi. Haka aka gina ta. Idan an kunna esi, ko fankar lagireto ta tashi, ko an murɗa sitiyari har ƙarshe mota na tsaye, allura za ta ɗan motsa ta dawo. Wannan ma daidai ne. Akwai kuma motar da jikinta ke kakkarwa har madubi na rawa, amma allurar na tsaye cak. Irin wannan sau da yawa kujerar inji ce ta mutu, silon lafiyarsa ƙalau.

Makanikin da ya san aikinsa da tambaya yake farawa, tun bai taɓa sifana ba. Alhaji, da sanyi take yi ko sai ta yi zafi? Sai an kunna esi, ko ko da yaushe? Idan an taka birki tana canjawa? Yaushe ta fara: bayan an wanke inji, bayan an cire batir, bayan an sha mai a wani wuri, ko bayan an taɓa lagireto? Amsar kowace tambaya tana rage wuraren da za a bincika. Mai mota da ya lura da waɗannan kafin ya zo ya sauƙaƙa wa kansa kashe kuɗi.

Daga tambaya sai a sa wa motar na'urar karantawa. Tun 1996 doka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da wani soket mai rami 16 a kusa da sitiyari, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Da yake yawancin motocin hannu, wato 'yan Beljiyam, da ake hawa a Kaduna daga can suka fito, kusan duk suna da shi. Na'urar karantawa ta yi araha yanzu, har akwai ƙarama da ake haɗawa da wayar hannu. Lambobi irin waɗannan da take fitarwa ma'anarsu ɗaya ce a kowace mota. P0505 na nufin tsarin silo ya sami matsala. P0506 silo ya yi ƙasa da ƙa'ida, P0507 ya yi sama. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. P0300 na nufin inji na fashin wuta a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 kuma suna nuna takamaimiyar silindar da ke fashin.

Abin kiyayewa shi ne, lamba unguwar da matsala take kawai take nunawa, ba ta cewa a sayi kaza. Motoci da yawa an saya musu sabuwar sensar salansa saboda P0171, alhali sensar gaskiya ta faɗa, tiyo ne ya fashe. Goge lamba kuma ba gyara ba ne, wutar cek injin za ta dawo bayan 'yan kwanaki. Mai sayen motar hannu ma ya kula: idan an murɗa makulli kafin a tayar, dole wutar cek injin ta kama sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne.

Akwai wani adadi a cikin na'urar da ya fi lambobin amfani, wato kason man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan abin da aka tsara mata. A inji mai lafiya ba ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa. Idan a silo yana nuna ƙarin kashi 20, amma da aka ɗaga inji zuwa juyi 2,500 ya sauko kusa da sifili, to iska ce ke satar shiga ta wani wuri. Idan kuwa ƙarin yana nan, ko ma ya daɗa hawa da aka ba da wuta, sai hankali ya koma kan famfon mai, da filtarsa, da na'urar auna iska. Gwajin minti biyu ne, amma yana raba hanya biyu da kuɗinsu ya sha bamban.

Satar iska ita ce kan gaba a cikin dalilan, kuma ita ce mafi arahar gyara. Misalinta kamar uwargida ce da ta ƙirga baƙi a ƙofar zaure ta ɗora tukunya daidai yawansu, ashe wasu sun shigo ta ƙofar baya. Abinci ba zai isa ba, kuma ba lissafinta ne ya ɓaci ba. Na'urar auna iska, wadda ake kira iyafulo mita, tana ƙirga iskar da ta bi ta gabanta ne kawai. Duk wadda ta shiga ta tsagi a bayanta, ba a zuba mata mai ba.

A ɗauki babban tiyon roba mai lanƙwasa-lanƙwasa da ya taso daga akwatin filtar iska zuwa bakin injekta. Daga sama lafiyarsa ƙalau, baƙi sumul. Sai makaniki ya sassauta kilif biyu ya zare shi, ya juya cikinsa sama, ya tanƙwara shi a hasken rana. A cikin kwarin lanƙwasa ta uku, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, sai ga baki ya buɗe, tsawon ɗan yatsa, gefensa ya bushe yana marmashi. Zafin inji da shekaru ne suka cinye robar. Duk lokacin da aka sa giya inji ya ɗan karkata, tsagin ya buɗe, silo ya faɗi. Naɗe shi da salatif zai kai mutum gida, amma maganinsa sabon tiyo.

Kowace mota da inda ta saba yoyo. Corolla da Matrix da Vibe masu injin 1.8 na shekarun 2003 zuwa 2008 an san su da gaskit ɗin manifol, wanda ke ƙanƙancewa da sanyi ya bar iska ta shiga, ya kumbura ya toshe in inji ya yi zafi. Shi ya sa masu su suka fi kuka da safiyar hunturu. Golf 3 mai nozul ɗaya a tsakiya tana da wata roba mai kauri a ƙarƙashin injektar, wadda ke tsagewa. In an girgiza kan injektar da hannu inji na aiki, silo ya canja, an kama ɓarawon. Sai tiyon PCV da ke fitowa daga murfin inji, da tiyon da ke zuwa busta, baƙin gwangwanin nan mai faɗi da ke bayan mastan birki. Idan silo na rikicewa duk lokacin da aka taka birki, kuma ana jin huci a wajen ƙafar direba, busta ce ta fashe, kuma wannan magana ce ta rai, ba a jinkirta ta.

A motocin da ba su da iyafulo mita, irin tsofaffin Honda da 406, waɗanda matsin iskar manifol suke aunawa, satar iska ɗaga silo take yi. Inji ya hau, kwamfuta ta ga faifai a rufe amma juyi ya yi yawa, sai ta ɗauka gangara ake yi ta yanke mai. Inji ya faɗo, ta sake sakin mai, ya sake hawa. Wannan ne kukan nan mai tashi da kwantawa a jere da masu Honda Hala da Bulldog suka sani sarai.

Hanyar neman yoyo mafi aminci ita ce na'urar hayaƙi, a tura hayaƙi cikin manifol inji a kashe, a ga inda yake fita. Wanda ba shi da ita, ya sa guntun tiyo a kunne ya riƙa bin mahaɗai da ɗaya bakin yana sauraren huci. Fesa man wanke kafireto a mahaɗai yana nuna wurin, domin silo zai canja, amma abu ne mai kama wuta. Ba a yin sa kusa da salansa mai zafi ko koyil mai tartsatsi, kuma ba a yi sai da abin kashe gobara a kusa.

(Gajeren kiɗa)

Bayan iska sai datti. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar hunturu ba ta barin komai, kuma hanyoyin cikin unguwanni da ba su da kwalta suna ƙara nasu. Wannan ƙura takan haɗu da tururin baƙin mai ta zama wani baƙin danƙo a gefen faifai, daidai 'yar ƙofar da iskar silo ke bi. In aka cire tiyo aka haska, za a ga zobe baƙi ƙirin a zagaye. Da man wanki da tsumma mai laushi da tsohon buroshin haƙori ake cire shi har ƙarfen ya fito fari. Bawul ɗin silo ko sitefa ma a kwance a wanke kansa da ramin da yake zama, ba tare da an ja tsininsa da ƙarfi ba. A bakin injekta mai moto, a cire makulli tukuna, domin faifan na iya datse yatsa, kuma ba a tura shi da ƙarfin tsiya.

Sau da yawa bayan wanki sai silo ya haura fiye da da, mai mota ya ce an ɓata masa mota. Ba a ɓata ba. Kwamfutar ta daɗe tana ƙara buɗe ƙofa saboda dattin, yanzu dattin ya tafi ita kuma ba ta sani ba, sai an sake koya mata. A Honda da yawa, ana riƙe inji a juyi 3,000 har fankar lagireto ta tashi, sannan a bar shi a silo aƙalla minti 5 babu esi, babu fitila, babu rediyo. Nissan tana da nata tsarin mai tsauri, wanda ya fi sauƙi da na'ura. Cire batir ma yakan goge wannan karatu a wasu motoci.

Ita iyafulo mita, siririyar waya ce mai zafi a cikinta, ta fi gashi laushin karyewa. Ba a taɓa ta da tsinke ko tsumma, kuma tana da man feshinta na musamman. Abin da ke kare ta shi ne filtar iska. Al'adar kai filta wurin mai faci a hure ta da iska mai ƙarfi tana yaga takardar, ƙura ta sami hanya kai tsaye. A lokacin hunturu gara a canja ta da wuri.

Daga nan sai ruwa, kuma a nan akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare. Mota na sauka daga Kwatano ko Legas, sai a ce ai ta ƙasar sanyi ce, a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aikinsa, tsakanin digiri 78 da 90 gwargwadon mota, sannan ta buɗe. Irin waɗannan injuna suna aiki da tamostat ɗinsu a Dubai da Arizona, inda zafi ya fi na Kaduna. In aka cire, inji ba ya kai zafinsa, musamman da safe da lokacin damina. Kwamfuta ta ɗauka har yanzu ɗumi ake yi, ta riƙe silo a sama, ta ƙara mai, fulogi su yi baƙi. Ga shi kuma koyar da silon da ke buƙatar a jira tashin fanka ba zai yiwu ba, tunda fankar ba ta tsayawa. Motar da ke zafi, lagireto ne ya toshe, ko murfinsa, ko famfon ruwa, ko fankar, can ya kamata a duba.

Ƙarancin ruwa ma yana rikita silo. A Honda na shekarun 1990 da farkon 2000, ruwan inji yana bi ta jikin bawul ɗin silo. Idan ruwa ya ragu, ko iska ta maƙale a ciki bayan an canja tiyo, sensar zafi takan ji ruwa yanzu, an jima ta ji iska, labarinta ya riƙa canjawa, silo ya bi shi. Cika ruwa da fitar da iskar kaɗai ya warkar da motoci da yawa. Murfin lagireto dai ba a buɗe shi sai inji ya huce.

Idan silon ba hawa da sauka yake a jere ba, tuntuɓe yake yi, mota na girgiza, salansa na tari, to wuta ake zargi. A cire fulogi a jera su bisa tsarin silinda. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiyayye ne, baƙi mai toka mai ya yi yawa, jiƙaƙƙe da baƙin mai kuma yana nuna gaskit ɗin murfi ko ringi. Idan na'ura ta nuna P0302, a ɗauke koyil na biyu a musanya shi da na uku. Lamba ta koma P0303, koyil ne ya mutu, shi kaɗai za a saya. Ta tsaya a inda take, a duba fulogi da nozul. Wankin inji da ruwa mai ƙarfi, da kutsawa cikin ambaliyar watan Agusta, suna cika ramin fulogi da ruwa. Jabun fulogi kuma sun yi yawa a kasuwa, kwalinsu kamar na gaske, kwanansu kaɗan.

Mai ma yana da nasa laifin. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, abin da ya jawo dogayen layuka a faɗin ƙasa da koke-koken lalacewar motoci. Irin wannan ba kullum ba ne, amma man galan na bumburutu da ya sha ƙura da ruwa kullum yana nan. Yawo da tanki a ƙasa yana gajiyar da famfo, domin man ne ke sanyaya shi. Girgiza mota a gidan mai don a cika ta har wuya kuma yana tura fetur cikin gwangwanin gawayin da aka yi don tururi kawai, daga nan ya bi ta bawul ya shaƙe inji. Motar da ke wahalar tashi ko rikicewar silo daidai bayan an sha mai, nan za a fara dubawa. Ƙarfin famfo da geji ake auna shi, ba da kallon yadda mai ke feshi a ƙasa ba. Wanke nozul yana da amfani idan an tabbatar sun toshe, amma ba shi ne maganin kowane silo ba.

Wanda silonsa ke faɗuwa idan ya kunna fitila da esi, fitilun kuma suna dishewa tare da shi, wurin mai wayarin zai nufa. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 inji a kashe, sannan 13.5 zuwa 14.5 a yawancin motoci idan inji na aiki. Kan batir mai farin gari, ko wayar at da ta yi tsatsa, sun isa su ruɗa sensa duka.

Sai an tabbatar duk waɗannan lafiya suke ake zuwa manyan: bawul ɗin EGR da gawayi ya hana rufewa, taimin da ya tsallake haƙori, bawul da ya ƙone, ko gaskit ɗin kan silinda. Gejin matsi ne ke tabbatar da su, kuma bai kamata a buɗe inji ba sai an ga abin da ya nuna. Birenbos ita ce ta ƙarshe a layin zargi, domin ba kasafai take mutuwa ba sai ruwa ya shige ta ko an yi mata kuskuren waya.

Ga mai mota, haƙƙinsa ne ya tambaya cikin mutunci: Oga, me na'ura ta nuna, kuma me aka gwada kafin a ce a sayi wannan? Ya rubuta lambobin kafin a goge. Idan za a je Panteka ko Oriyafata neman sensa ko bawul na Beljiyam, a tafi da tsohon a hannu, a gwada lambar da ke jikinsa, a kuma yi yarjejeniyar dawowa in bai yi ba. A canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a tayar a gani. Bayan gyara kuma kada a karɓi mota sai ta yi zafi sosai, an kunna esi da fitila, an sa giya an taka birki, an zagaya unguwa an dawo, allura na zaune tsakanin 600 da 900. Duk wannan gwaji a fili ake yin sa, domin hayaƙin salansa a rufaffen gareji yana kisa ba tare da wari ba.

Ga iyayen gidan gareji kuma, yaron da aka koya wa karanta kason mai a na'ura da musanya koyil ya sami abin da zai ci abinci da shi shekaru masu yawa, domin motocin da ke shigowa sai ƙara dogaro da kwamfuta suke yi.

A nan shirin na yau ya kawo ƙarshe. Shiri na gaba zai duba zafin inji, da yadda ake mayar da tamostat da fanka kan tsarinsu na asali. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)